Murfin Kwanon Chinami

Kuskuren ya soma ne tun washegarin ranar da jirgin ya tashi. Da hannunsa ya yi shi, kullum da safe, har kwana goma sha tara, kuma da kyakkyawar niyya. Da akwai wani a gidan da ya hana shi tun ranar farko, amma babu kowa sai shi kaɗai.

Sunansa Sakoda Tatsuji. Shekara ashirin da biyu ya yi a jiragen kamun kifin tuna, irin waɗanda ke barin gaɓar Kochi su yi wata goma ba a gan su ba, har gwiwarsa ta hagu ta ƙi, ya sauka. Yanzu ƙanƙara yake lodawa a kasuwar kifi ta garinsu, daga asuba zuwa hantsi. Matarsa Yasue ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Ya ɗaya suka haifa, Chinami, mai shekara ashirin da shida, tana aiki a gidan kula da tsofaffi a birni.

A farkon bazara ta zo gida ran Lahadi da wata jar rigar ruwa a hannu, sabuwa, ta rataye a bayan ƙofa. Sai da suka gama cin abinci ta ce, “Baba, zan tafi Kanada.”

“A jirgin sama?”

“Ta ruwa.”

Ya ajiye kofin shayinsa. “Jirgin wane kamfani?”

“Ba na kamfani ba ne. Na wani mutum ne, Urabe. Da likitan haƙori ne, ya ajiye aiki. Ya sa sanarwa yana neman mutum uku su taya shi ƙetare teku, na rubuta masa. Wata shida yana gwada ni duk ƙarshen mako. Ya ɗauke ni.”

“Tsawon jirgin?”

“Mita goma sha biyu.”

Tatsuji ya leƙa ta taga ya auna da ido. Daga inda yake zaune zuwa bishiyar lemun tsakar gida ke nan.

“Inji fa?”

“Akwai ƙarami, na shiga tasha da fita. Sauran duk iska ce ke tura shi.”

“Wane kifi za ku kamo?”

“Ba kifi za mu kama ba.”

“To kaya za ku kai?”

“A'a.”

“To me za ku je yi?”

“Ƙetarawa, Baba. Kwana hamsin, in iska ta yarda.”

“Likitan haƙori,” in ji shi. “In guguwa ta taso sai ya ce ta buɗe baki ya duba.”

Chinami ta yi dariya har ta rufe fuska. Shi bai yi ba. Ya ce mata teku wurin neman abinci ne, wanda ya ƙoshi ba shi da abin yi a cikinsa. Ya ce ya ga ruwan da ya ɗauke mutum daga gefensa, mutumin da suka ci abinci tare da safe, ko hularsa ba a samu ba. “Shekara ashirin da biyu na yi a ciki don kada wani nawa ya sake shiga.”

“Ni kuma shekarun nan duk ta taga na kalle shi,” in ji ta. “Ina so in ga abin da ya riƙe ka.”

Ya tashi ya kwashe kwanuka.

Ranar tafiya, cikin watan Yuni, ana yayyafi, ya je tasha tun kafin kowa. Ya hau jirgin ba tare da an ce ya hau ba, ya bi igiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana ja, ya duba turken tsakiya da ƙyallayen iska da ke naɗe, ya buɗe ramin inji ya shanshana. Bai sami abin kushewa ba, abin ya ƙara ɓata masa rai. A ƙarshe ya kwance wani ƙulli da ba abin da ya same shi, ya sake ƙullawa. Urabe, gajeren dattijo mai furfura, yana tsaye yana kallo, ya sunkuyar da kai ya yi godiya kamar an yi masa babban aiki.

Tatsuji ya ja 'yarsa gefe. “Kada ki zuba miya a kan shinkafa a cikin jirgi. Kada ki bari wuƙa ta faɗa ruwa. In kin fito sama ki ɗaure kanki da jirgi, ko da minti ɗaya za ki yi.”

“Na sani, Baba.”

“Ba ki sani ba. Ji kika yi.”

Da aka kwance jirgi, mutanen ciki suka jefo naɗaɗɗun takardu masu launi, kowa ya riƙe baki ɗaya, nasa na kan gaɓa ya riƙe ɗaya bakin. Takarda ruwan ɗorawa Chinami ta jefo masa. Takardar ta yi ta warwarewa a hannunsa tana jiƙewa. Jirgin ya ɗan yi nisa sai ta ɗaga murya: “Baba! Ka riƙa sa mini abinci yadda Mama take yi maka!”

Ya gyaɗa kai da ƙarfi don ta gani. Takardar ta tsinke. Ya naɗe guntun da ya rage ya sa a aljihu.

Sai a hanyar gida ya tuna cewa bai san yadda Yasue take yi ba. Ya dai san ana yi. Kowane gidan masunta a garin yana sa wa wanda ke teku abincinsa don kada ya kwana da yunwa a can. Amma shi ne kullum wanda ke teku. Ranar da ya dawo ake dainawa, ranar da ya tafi ake somawa, bai taɓa gani da idonsa ba. Ya yi tunanin tambayar matan kasuwa, sai ya hango yadda za su dube shi, ya fasa. Yayar matarsa, Sueko, tana ƙauyen bayan dutse tana jinyar mijinta da aka yi wa aiki a ƙugu, ya ga bai kamata ya dame ta da wannan ba.

Da safe ya tsaya a ɗakin girki yana tunani. Abinci ɗaya ya sani da ake ajiye wa wanda ba ya nan, shi ne wanda yake sa wa Yasue a ɗan akwatin magabata da ke kusurwar ɗaki, inda hotonta yake tare da na iyayensa. To ai shi ke nan, in ji shi a ransa. Ya ɗauko wani ɗan kofin tagulla irin nata, ya tula shinkafa, ya ajiye kusa da na Yasue. Ya nemo hoton Chinami na ranar gama makaranta ya jingina gefen na uwarta, yana ganin haka ma ya fi, uwar za ta sa mata ido. Ya kunna turaren tsinke, ya buga 'yar ƙararrawa, ya haɗa hannuwa. Da yamma ya juye shinkafar biyu a bayan gida, tsuntsaye suka ci.

Haka ya yi washegari, haka ya yi jibi.

Kowane kwana biyu, wajen tsakar rana, saƙo yakan shigo wayarsa daga matar Urabe. Jirgin na da wata na'ura mai aikawa ta tauraron ɗan'adam, ita take karɓa ta rarraba wa iyalai. Lambobin inda suke ne a sama, sai layi ɗaya daga kowane mutum. Tatsuji ya zaro tsohuwar taswirarsa daga ƙarƙashin kayan sanyi, ya shimfiɗa a tebur, yana ɗiga fensir a kai.

“Kwana uku ina amai. Yau na ci kwano biyu.”

“Aikina daga ƙarfe huɗu zuwa takwas. Ni da sitiyari da wani tsuntsu da ke bin mu. Na sa masa suna Sakoda, don kullum fuskarsa a ɗaure.”

“Hazo. Ba na ganin goshin jirgi. Safa duk ta jiƙe. Baba, haka yake dama?”

Haka yake dama. Ya san wurin, ya yi damina huɗu a can yana jan ƙugiya. Ya san sanyin da ke shiga ƙashi ko a tsakiyar zafi, da yadda mutum zai yi mako bai ga komai ba sai toka-toka sama da ƙasa, har ya soma magana da bokiti. An ba shi damar mayar da layi ɗaya. Yakan zauna da waya a hannu shayi ya huce, ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Abin da yake aikawa a ƙarshe bai cika canzawa ba: “Ki ɗaure kanki.”

A kasuwa abokan aiki sukan tsokane shi. “Sakoda, ina kyaftin ɗinmu ta kai? An ce ita ce ke riƙe wa likita fitila.” Yakan ce su kula da ƙanƙararsu. In ya dawo gida babu motsin komai sai na firji. Ya lura ya soma barin rediyo a kunne ko ba ya saurare.

Rana ta goma sha tara da tashinsu ranar saƙo ce. Ya dawo daga kasuwa, ya ajiye waya a kan taswira, ya fiƙe fensir. Sha biyu ta wuce. Ɗaya ta wuce. Wajen ƙarfe biyu aka turo ƙofa, ya miƙe da sauri, sai ga Sueko da kwando cike da gauta da kokwamba.

“Ka ganka kamar busasshen kifi,” in ji ta tana cire takalmi. “Ba ka cin abinci ne?”

“Ina ci, Yaya. Yaya mai jiki?”

“Ya warke har ya soma faɗa. Bari in gaida ƙanwata.”

Ta wuce kusurwa ta durƙusa kamar yadda take yi duk zuwanta. Tatsuji yana zuba ruwa a buta, yana jiran ya ji ƙararrawa. Bai ji ba.

“Tatsuji.” Muryarta ta yi ƙasa. “Zo nan.”

Ya zo. Ba ta dube shi ba, idonta na kan hotuna.

“Me ya sami yarinyar nan ba ka gaya mini ba?”

“Ba abin da ya same ta.”

“To me take yi a nan?”

“Cewa ta yi in riƙa sa mata abinci. Yadda Yasue take yi mini.”

Sueko ta sa hannu biyu ta ɗauke hoton, ta goge gilashin da gefen rigarta, ta rungume shi a ƙirji. Sannan ta ɗauke ɗan kofin tagulla.

“Nan wurin waɗanda ba za su dawo ba ne,” in ji ta. “Wanda ake jira, a tebur ake sa masa, a mazauninsa, cikin kwanonsa na kullum, da tsinkayensa na cin abinci, a rufe da murfi. In an gama mutanen gida su cinye. Ba a zubarwa. Kwana nawa kana wannan?”

“Sha tara.”

“Da turare?”

“Da turare.”

“Da ƙararrawa?”

Gwiwar ya dafa, ya zauna a tabarma. Can ya ce, “Yau ranar saƙo ce, Yaya. Bai zo ba.”

Sueko ta dube shi, ta dubi agogon bango. Sai ta miƙe da kuzarin da bai dace da shekarunta ba. “To zaman me kake yi? Ina kwanonta? Namiji shekara ashirin da biyu ana ciyar da shi daga nesa, ko sau ɗaya bai tambayi yadda ake yi ba. Ku dai ba ku san komai ba sai ƙulla igiya.”

Ya nemo kwanon Chinami, baƙi mai jan ciki, da murfinsa. Sueko ta zuba sauran shinkafar safe, ta ajiye a gefen tebur da ke kallon taga, ta jera tsinkaye, ta rufe. Suka zauna suna kallonsa.

“In an ɗan jima sai a buɗe,” in ji ta. “In cikin murfin ya yi gumi, mai tafiya yana lafiya.”

“In bai yi ba fa?”

“Yana yi.”

Bai jira ta ce ba, ya miƙa hannu ya ɗaga murfin ya juya shi. A bushe yake ƙayau.

Sueko ta fizge shi daga hannunsa. “Shinkafar tun asuba ce, ta huce. Sakarai. Dutse ma ka rufe ai ba zai yi gumi ba. Sa sabuwa.”

Ya wanke shinkafa ya sa a tukunyar lantarki, yana gaggawa har ya zubar da rabin ruwan. Kafin ta dahu ya kira matar Urabe. Muryarta a natse, kamar ta riga ta faɗi maganar sau biyu kafin shi. Ta ce na'urar ta taɓa yin haka, ruwan gishiri ya shige ta a tafiyar bara. Ta ce akwai wata daban ta neman agaji, wadda in jirgi ya shiga hatsari take kiran masu gadin teku da kanta, kuma ba ta yi kira ba. Ta ce ta sanar da su duk da haka, za su roƙi manyan jiragen da ke bi ta wurin su sa ido. Ya yi godiya. Bai gaya mata abin da ya sani ba, cewa irin wannan na'urar takan tafi ƙasa tare da jirgi in abin ya zo da sauri.

Da ya ajiye waya sai ya ga Sueko ta buɗe firji ta sa murfin a ciki.

“Me kike yi, Yaya?”

“Abin da matarka take yi.” Ta rufe firjin ta jingina da shi. “Kullum da safe sai ta tsoma murfin kwanonka a ruwan sanyi kafin ta rufe, shinkafar kuma daga wuta. Yarinyar ce ke buɗewa kafin ta tafi makaranta. Tana ɗagawa sai ta ce, Baba yana lafiya, ta ɗauki jaka. Yasue ba ta taɓa bari ya bushe ba ko sau ɗaya.”

“Ashe dabara ce.”

“Ka dawo ko ba ka dawo ba?”

Ba ta jira ya amsa ba.

“Ka tuna shekarar da aka yi kwana goma sha shida ba a ji ɗuriyar jirginku ba? Chinami tana aji uku.”

Ya tuna. Rediyon jirgi ne ya ƙone. Kifi yana ci sosai a lokacin, kyaftin ya ƙi juyawa. Suna aiki, suna barci, suna karta a kan akwatin kifi. Bai tuna ya yi tunanin gida fiye da kullum ba.

“A ɗakin nan na kwana da Yasue duk kwanakin,” in ji Sueko. “Ta rame har zobenta yana zamewa. Kwano biyu take ci da safe, nata da naka, sannan ta zaga baya ta amayar. Da ka dawo me ta ce maka?”

“Cewa ta yi in cire takalmi a waje, ina wari.”

“To ka gani.”

Shinkafa ta dahu. Suka zuba, suka rufe da murfin mai sanyi, suka jira. Da ya ɗaga, ruwa ya gangaro masa har wuyan hannu. Sueko ta tura masa kwanon. “Ci. Duka.” Ya ci, tana tsaye a kansa.

Da za ta tafi, tana ɗaura takalmi, ya ce, “Yaya, kwanakin nan goma sha tara. Kina ganin sun yi wani abu?”

Ta daɗe a kan igiyar takalmi ɗaya. “Kusa da uwarta ka ajiye ta. In akwai wanda zai koro ta ta dawo, Yasue ce.” Ta ɗauki kwandonta. “Ban sani ba, Tatsuji. Ban taɓa ganin wanda ya yi ba.”

Washegari da ya dawo daga kasuwa ya ɗauki murfin ya buɗe firji, ya tsaya. Yasue don yarinya take yi. Shi babu yaron da zai buɗe masa, shi zai sa, shi zai ɗaga, shi ya san abin da ya yi. Ya rufe firjin, murfin na hannunsa. Ya zuba shinkafa da zafinta, ya rufe haka nan, ya zauna a nasa gefen yana kallon nata. Da ya buɗe akwai gumi, ƙanana-ƙanana. Ya san tururi ne. Ya yi aiki da tukunya da inji ya san abin da zafi ke yi in ya gamu da murfi. Duk da haka ya daɗe yana juya shi a hasken taga kafin ya ci.

Hoton Chinami yanzu yana kan firji, guntun takarda ruwan ɗorawa a gefensa. Ya rubuta wa matar Urabe layinsa, ya ce ta ajiye, duk ranar da na'urar ta tashi ta aika. Wannan karon bai goge ba. “Haka yake dama. Bayan hazo akwai rana. Abincinki yana tebur.”

Yau kwana ashirin da bakwai da tashinsu, takwas da yin shiru. Ɗigon fensir na ƙarshe yana nan inda yake a taswira, a tsakiyar shuɗi, babu tsibiri kusa ko ta wane gefe. Tatsuji ya auna tafiyarsu ta kullum ya ja layi mara ƙarfi ya wuce ɗigon, inda ya kamata a ce sun kai. In lissafinsa daidai ne, nan da kwana ashirin da uku za su hango gaɓar Kanada. Babu babban jirgin da ya ce ya gan su, na'urar neman agaji kuma ba ta yi kira ba. Har yanzu ba wanda ya san ko na'urar saƙo ce kawai ta jiƙe, ko wani abu ne ya sami jirgin.